Babi na Bakwai: Ƙidaya Kaɗai Ba Ta Ceton Damisa

A kudancin ƙasar Oman, bayan birnin Salala, akwai jerin duwatsun Zufar, ƙasar da ta yi suna da turaren lubban tun zamanin da. Daga watan Yuni zuwa Satumba hazo da yayyafi kan lulluɓe gangaren da ke kallon teku har ya yi kore shar, bayan duwatsun kuwa hamada ce tsantsa. A cikin kwazazzabai da kogwannin waɗannan duwatsu ne damisar Larabawa ta fi samun mafaka a yau. Ita ce mafi ƙanƙanta a cikin damisoshin duniya, domin namiji bai cika wuce kilo 30 ba, mace kuwa wajen kilo 20, fatarsu fari-fari kamar dutsen da suke kwanciya a kai. A da ana samunta tun daga Sina'i da hamadar Naƙab, ta bi duwatsun Hijaz da Asir har Yaman, ta zagayo Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Yanzu ta rasa kusan kashi 98 cikin 100 na wannan ƙasa. Ƙiyasin da Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, ta fitar a 2023 ya nuna cewa waɗanda suka rage a daji ba su wuce 100 zuwa 120 ba, a Oman da Yaman. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 10 ga Fabrairu ta kowace shekara domin tunawa da halin da take ciki.

Duk lokacin da aka ce dabba ta kusa ƙarewa, tambayar da ke fara fitowa daga bakin kowa ita ce: saura nawa? Tambaya ce mai kyau, kuma dole a yi ta. Sai dai akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ido ba ya iya amsawa: waɗanda suka ragen, mene ne tsakaninsu? Damisa hamsin da suka fito daga gidaje daban-daban suna da makoma. Damisa hamsin da duk jikokin uwa ɗaya da uba ɗaya ne, da kyar su kai labari, ko da babu wanda ya ɗaga musu bindiga. Abin da nake son tabbatarwa a wannan babi shi ne, idan yawan damisa ya faɗi ƙasa sosai, tsaron daji da hana farauta ba sa wadatarwa. Wajibi ne a karanta abin da ke cikin jininsu, a kuma yi aiki da abin da aka karanta, wato a maido da gaurayar jini tsakanin garkunan da aka raba, ta hanyar buɗe musu hanya inda za ta buɗu, da ɗaukar dabba a kai ta inda hanyar ta toshe.

Kafin a gane dalili, sai a fahimci yadda gado ke tafiya. Kowace damisa, kamar kowane mutum, tana ɗauke da kwafi biyu na ƙwayoyin gadonta, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A cikin dubban ƙwayoyin nan ba a rasa masu lahani, amma galibi lahanin a ɓoye yake, saboda kwafi mai lafiya da ya zo daga ɗaya ɓangaren yana rufe wa mai aibin asiri. Matsala tana tasowa ne idan uwa da uba dangi ne na kusa, domin a nan sai ɗa ya gaji aibi iri ɗaya ta fuska biyu, babu mai rufewa. Daga nan sai a fara ganin 'ya'ya marasa ƙwari, maniyyi mai rauni, ciwon zuciya, da garkuwar jiki da ba ta iya tsayawa gaban sabuwar cuta. Makiyayi ya san wannan tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje: ba ya barin bijimi ɗaya ya daɗe a garke har ya riƙa hawan 'ya'yansa da jikokinsa, sai ya musanya shi ko ya nemo wani daga nesa, don ya ga yadda maruƙa ke lalacewa idan aka yi sakaci. A daji, Allah ya shirya wannan musanya cikin ɗabi'ar dabbar kanta. 'Yar damisa takan zauna kusa da yankin uwarta, ɗa namiji kuwa da ya tasa sai ya yi nisa, wani lokaci tafiyar kilomita masu yawa, ya je ya sami matan da ba danginsa ba. Titi da gari da shinge da tarko su ne ke yanke wannan tafiya.

Lissafin abin ba shi da wuya. A garken da masu haihuwa goma ne kacal, kowane zubi na 'ya'ya yakan rasa kimanin kashi 5 cikin 100 na yalwar gadon da iyayensa ke da ita. Bayan zubi goma, kashi 40 ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa don kawai adadi ya ƙaru daga baya. Ga shi kuma masu haihuwa na ainihi kullum ba sa kai yawan kawunan da aka ƙirga, saboda akwai tsofaffi, akwai ƙanana, akwai mazan da babban namiji ya hana sakat. Shi ya sa tun 1980 masana suka kafa wani ma'auni: ana buƙatar masu haihuwa aƙalla 50 don kauce wa illar barbarar dangi a kusa, da 500 don zuriya ta iya jure canjin zamani. A 2014 Richard Frankham da abokan aikinsa suka ce wannan ma ya yi kaɗan, a mai da shi 100 da 1,000. Ko da wanne aka auna, damisar Larabawa ta daɗe da faɗawa ƙasa da layi.

To, yaya ake karanta jinin dabbar da ake yi wa kirari da ƙi sabo, wadda mai gadin daji kan shekara yana bin sawunta bai sa ta a ido ba? Amsar tana cikin kashinta. Damisa takan bi hanyoyi sanannu a kan tudu da bakin kwazazzabo, ta tona ƙasa da ƙafafun baya, ta bar kashi da fitsari don sanar da 'yan uwanta cewa wurin yana da mai shi. Sa'ad da kashin ke fita, yakan kwaso 'yan ƙwayoyin halitta daga bangon hanji, su manne a bayansa. Mai bincike yakan sa safar hannu, ya yanki ɓangaren waje, ya jefa a kwalba mai sinadarin da ke tsotse danshi ko ya hana ruɓewa, ya rubuta ranar da wurin da ya tsince shi. A ɗakin gwaje-gwaje, gwaji na farko zai faɗi ko kashin na damisa ne ko na kura ko na kyarkeci, domin ido yana yawan ruɗuwa a nan. Na biyu zai faɗi namiji ne ko mace. Na uku yana duba wasu gurabe a cikin DNA inda gajeren rubutu ke maimaita kansa, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga dabba zuwa dabba. Idan aka haɗa gurabe da dama sai a sami shaidar da ta keɓanta ga dabba guda. Da wannan ake gane cewa kashin da aka tsinta yau da wanda aka tsinta watan jiya a wani tsauni na dabba ɗaya ne, a kuma gane wa ya haifi wa. Gashin da ke cikin kashin kuma yana faɗin abin da ta ci: akuyar dutse ce, ko barewa, ko rema, ko beguwa, ko ɗan raƙumin makiyayi. Duk wannan ba a kama dabba ba, ba a yi mata allurar barci ba.

Abin da wannan hanya ta bayyana a yankin Larabawa darasi ne mai hawa uku. A hamadar Naƙab da ta Yahudiya, wani bincike na kashi da aka buga a 2006 ya gano damisa takwas ne suka rage, maza biyar da mata uku. Suna cikin wuraren da doka ta kare, amma bayan 'yan shekaru aka daina ganin ko ɗaya. A Saudiyya, damisar daji ta ƙarshe da aka tabbatar ita ce wadda aka samu an kashe da guba a yankin Makka a 2014. Daga 2020 zuwa 2022 aka baza ɗaruruwan kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu a duwatsun ƙasar, aka kuma gwada kashin namun dajin da aka tsinta, ba a sami na damisa ba. A Zufar kuwa, Hadi Al Hikmani, wanda ɗan yankin ne, tare da masana na Jami'ar Kent ta Ingila da wasu, sun haɗa hotunan kyamara da gwajin kashi, suka fitar da sakamako a 2024: damisa kusan 51 ne a duk jerin duwatsun, in an yi ƙasa 32, in an yi sama 79. Sun kuma kwatanta jinin na daji da na waɗanda ke tsare a cibiyoyin kiwo, irin na Sharja da Ɗa'if. Daga cikin nau'o'in gado 25 da aka gani a jikin na tsare, takwas ba a same su a na daji ba, biyu daga ciki ma a jikin waɗanda aka kamo daga dajin Yaman kaɗai suke. Ma'ana, wani ɓangare na dukiyar gadon wannan dabba yanzu yana bayan shingen waya, dajin Oman ya rasa shi.

Mai karatu zai iya cewa, a tsare 51 ɗin nan da kyau mana, su hayayyafa, matsala ta warware kanta. Labarin damisar Amur ya nuna iyakar wannan fata. Ita tana zaune ne a gabashin Rasha, kan iyaka da Sin da Koriya ta Arewa, cikin dusar ƙanƙara. A ƙidayar 2007 ba su kai 40 ba. Rasha ta kafa gandun da ta sa wa suna Ƙasar Damisa a 2012, ta tsananta hana farauta, Sin ma ta keɓe wani babban gandu a nata ɓangaren, yanzu adadinsu ya haura 100. Wannan nasara ce ta gaske, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo. Amma tun 2002 binciken Olga Uphyrkina da abokan aikinta ya nuna cewa yalwar gadon damisar Amur ita ce mafi ƙaranci a cikin duk damisoshin da aka gwada, kuma ɗari ɗin yau zuriyar 'yan tsirarun jiya ne. An ga uba yana barbarar 'yarsa, kyamarori sun ɗauko masu guntun wutsiya da masu fararen tafin ƙafa, alamun da masana ke dangantawa da barbarar dangi. A 2015 kuma aka tsinci wata mace a bakin titi tana fama da wata cutar karnuka mai taɓa ƙwaƙwalwa. Garken da jininsa kusan iri ɗaya ne, cutar da ta iya kayar da ɗaya tana iya kayar da saura.

Maganin da nake goyon baya an gwada shi, kuma an rubuta sakamakonsa dalla-dalla. A jihar Fulorida ta Amurka akwai wata babbar kyanwar daji da ake kira fuma, wadda a farkon shekarun 1990 ba ta kai 30 ba. Yawancinsu wutsiyarsu a karye take a ƙarshe, maza da yawa gwaiwarsu ba ta sauko ba, wasu kuma an haife su da huda a zuciya. A 1995 aka kawo mata takwas daga Teksas, inda 'yan uwansu suke da yawa, aka sake su a dajin. Biyar daga ciki suka haihu. 'Ya'yan da aka samu daga wannan gauraya sun fi rayuwa, alamun lahani suka ragu, cikin shekara goma sha biyar adadin ya ninka sau uku. A yau hukumomi na ƙiyasta manya 120 zuwa 230. Mata biyar ne suka juya makomar zuriya guda. Haka ma kwaikwayon da masu binciken Zufar suka yi da kwamfuta ya nuna cewa shigo da jinin na tsare zai iya rage nauyin lahanin gado a jikin na daji, ya tsawaita musu rayuwa, ko da yake sun gargaɗi cewa sai an auna kowane mataki da kyau.

Ƙorafi na farko da ake yi wa wannan ra'ayi shi ne na kuɗi da fifiko. Masu shi suna cewa guba da tarko da ƙarancin abin farauta ne ke kashe damisa, don haka kuɗin da za a kashe a ɗakin gwaje-gwaje gara a ba masu gadi albashi da mota. Gaskiya ne guba ta fi barbarar dangi saurin kisa, kuma duk shirin da ya manta da mai gadi ya rushe tun daga tushe. Sai dai abubuwan biyu a sarƙe suke. Wani bincike da aka buga a 2020 a Afirka ta Kudu ya kwatanta damisoshin Sabi Sand, inda tsaro ya daɗe da kafuwa, da na yankin Phinda da uMkhuze, inda aka daɗe ana kashe su. A wuri na biyu, kisan manyan maza ya bar gurabe a fili, sai samarin da ya kamata su yi nisa suka zauna kusa da inda aka haife su, suna barbarar 'yan uwansu mata. Ashe harsashi yana kashe wanda ya sama, ya kuma lalata jinin waɗanda bai sama ba, kuma gwajin gado ne ya tona wannan ɓarna ta biyu. Har ila yau gwajin makami ne a hannun mai gadi. A Indiya, masana sun tattara shaidar gadon damisoshin yankuna daban-daban, suka gwada fatu 40 da aka ƙwace daga masu fasa-ƙwauri, sai aka ga yawancinsu daga tsakiyar ƙasar suka fito. Hukumar da ta san inda ake kisa ta san inda za ta tura mutanenta.

Ƙorafi na biyu shi ne na tsarkin iri. Wasu na ganin cewa idan aka gauraya, an ɓata asalin abin da ake son karewa, kuma 'ya'yan gauraya na iya kasa dacewa da ƙasar. A nan ma damisar Amur ta bar darasi. Binciken gado ya gano cewa ɗaya daga cikin kakannin waɗanda ke gidajen namun daji na Turai yana da jinin damisar arewacin Sin, aka shafe shekaru ana ƙoƙarin rage rabonsa a cikin zuriyar. Alhali wannan gaurayar ce ta sa na tsare suka fi na daji yalwar gado. A 2017 kuma kwamitin masana na IUCN ya yanke cewa damisar Amur da ta arewacin Sin reshe ɗaya ne. Dama can iyakokin da aka shata tsakanin rassan damisa sun sha canzawa: a da an lissafa 27 bisa launin fata da girman kai, gwajin gado ya mai da su tara a 2001, sannan takwas a 2017. Frankham ya tattara gwaje-gwaje 156 na dabbobi da tsirrai inda aka shigar da sabon jini cikin zuriyar da barbarar dangi ta raunana, bayan an tantance cewa ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna ba, ya tarar an amfana a kusan kashi 93 cikin 100. Wannan sharaɗi na tantancewa shi ne iyakar da ni ma na yarda da ita. Nazarin cikakken gado da aka buga a 2021 ya nuna damisar Afirka da ta Asiya sun rabu kimanin shekara dubu ɗari biyar da suka wuce, kuma ƙaton namijin Afirka mai kilo 60 ba zai ƙoshi da remar duwatsun Zufar ba. Ba wanda ke da hankali da zai kai shi can. Amma damisar Yaman da ta Oman dabba ɗaya ce da mutum ya raba jiya-jiyan nan, haɗa su maido da abin da yake ne tun asali.

Ƙorafi na uku ya fi sauran ƙarfi, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. A tsibirin Ayil Royal da ke cikin Tafkin Sufiriya na Amurka, wani namijin kyarkeci ya tsallako kan ƙanƙara daga Kanada a 1997, ya shiga garken da barbarar dangi ta gajiyar. Ƙarfinsa ya sa ya mamaye haihuwa, cikin kusan shekara goma fiye da rabin gadon garken nasa ne. Sai zuriyarsa suka koma barbarar juna, lahanin da ya zo da shi a ɓoye ya fito fili, zuwa 2016 saura kyarketai biyu, uba da 'yarsa. Masu wannan ƙorafi suna ƙarawa da cewa zuriyar da ta daɗe tana ƙanƙanuwa takan tace kanta, masu mugun lahani su mutu da lahaninsu, kuma nazarin cikakken gadon damisar Larabawa na 2023 ya ga alamar irin wannan tacewa. Don haka, in ji su, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amsata ita ce, labarin tsibirin bai ce kada a kawo baƙo ba; abin da ya ce shi ne baƙo ɗaya, sau ɗaya, a wurin da ba shi da faɗin da garke zai ƙaru, jinkirta mutuwa kawai yake yi. Hukumar da ke kula da tsibirin ma abin da ta fahimta ke nan, shi ya sa ta kawo kyarketai 19 daga wurare daban-daban tsakanin 2018 da 2019. Tacewa kuma tana kawar da manyan lahani ne kawai, ƙananan suna taruwa, kuma ba ta dawo da yalwar da garkuwar jiki ke buƙata. Ƙin tashi a nan ba zaman lafiya ba ne, domin damisoshin Naƙab takwas an bar su yadda suke, kuma sun ƙare. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi dabbobin da za a kawo bisa gwaji, a kawo su kaɗan-kaɗan a kai a kai, a bi sawun 'ya'yansu, a kuma faɗaɗa musu ƙasa. Rasha ta nuna wani ɓangare na wannan a 2016, da ta huda tsauni ta shigar da babban titi ta ƙarƙashinsa a mashigar Narva, don damisa ta riƙa wucewa ta sama ba tare da mota ta take ta ba.

Ƙorafi na huɗu daga bakin makiyayi yake fitowa, kuma shi ne mai haƙƙin a saurare shi fiye da kowa. Damisar da aka haifa a keji, ta saba ganin mutum yana kawo mata nama, idan aka sake ta ina za ta nufa in ba garken awaki ba? Wannan tsoro yana da tushe, kuma shi ya sa duk shiri na gaskiya yake tanadin cewa 'ya'yan da za a saka su tashi a babban fili mai shinge, nesa da idon mutum, su koyi kamun abin farauta da kansu, a kuma dawo da barewa da akuyar dutse kafin a dawo da mai cin su. Haka hukumar Al'ula ta Saudiyya ke yi a gandun Shara'an, inda ta fara da sakin dabbobin farauta. Bayan haka, wanda damisa ta kashe wa raƙumi a biya shi diyya cikin gaggawa ba tare da wulaƙanci ba, a ɗauki 'ya'yansa aikin gadi da bin sawu, tunda sun fi kowa sanin duwatsun. Idan aka bar makiyayi da asara shi kaɗai, zai zuba guba a mushe, aikin shekara ashirin ya tafi a dare ɗaya. Akwai kuma masu jin cewa wannan duka katsalandan ne cikin halittar Ubangiji. Ya kamata su sani cewa a nan ba a canza ko ƙwayar gado ɗaya, ba a ƙirƙiri wata sabuwar dabba ba. Ana karanta abin da ke rubuce ne, a haɗa namiji da macen da da ba don titi da bindigarmu ba da sun haɗu da kansu. Katsalandan ɗin an riga an yi shi tun ranar da aka raba su, gyaran ɓarnar kuma yana cikin amanar da aka ɗora wa ɗan Adam.

Wannan magana ta shafe mu a Afirka ta Yamma kai tsaye. Wani nazari na 2021 ya nuna damisar Afirka ta fi duk manyan kyanwoyin daji yalwar gado, amma wannan dukiya ce da aka tara a zamanin da dajin ke haɗe daga teku zuwa teku, kuma gado yakan yi jinkiri kafin ya nuna ɓarnar da aka yi wa ƙasa. A Afirka ta Yamma damisa ta rasa kusan kashi 90 cikin 100 na wuraren da take zaune a da. A 2025 IUCN ta sanya damisar wannan yanki cikin jerin masu fuskantar haɗarin ƙarewa, da ƙiyasin manya kusan 350 kacal, a warwatse cikin 'yan gandaye: Niokolo-Koba a Senegal, Tayi da Komowe a Kwaddibuwa, Mole a arewacin Gana, da dajin W da Arli da Panjari da ya ratsa Nijar da Burkina Faso da Binin. Tsakanin kowane biyu akwai gonaki da garuruwa da tituna na ɗaruruwan kilomita. Idan aka raba 350 gida biyar ko fiye, kowane gida bai fi na Zufar da yawa ba. Hanyar da damisar Larabawa ta bi, ita tamu ta hau.

Bambancin shi ne mu muna da sauran lokaci, kuma rigakafi ya fi magani sauƙi da araha. Jami'o'inmu da hukumomin gandun daji su fara tattara kashi da gashi da samfurin fatun da ake ƙwacewa tun yanzu, a san wane garke ne ke da alaƙa da wane, a san daga ina fatun kasuwa ke fitowa. Gwamnatoci su kare bakin koguna da tsaunukan da suka rage tsakanin gandaye, domin ta nan ɗan damisa ke bi ya je neman mata, kuma tsare hanya ya fi jigilar dabba a jirgi sauƙi nesa ba kusa ba. Kai kuma mai karatu, idan aka kawo maka fatar damisa don ado ko magani, ka sani cewa an haramta cinikinta tsakanin ƙasashe tun 1975, kuma wadda aka fiɗe ɗin tana iya zama ita kaɗai ce ke ɗauke da wani gado da babu shi a jikin saura. Kada ka saya, kuma ka gaya wa mai sayarwa dalilinka.